Babban Fiffike a Kan Gonar Baba

Shekarar da ruwa ya cinye shinkafar Baba, ni ce na fara tsorata, domin na fi kowa sanin halinsa. Ambaliya ba baƙuwarmu ba ce. Garinmu yana bakin fadama, tsakanin Haɗeja da Kirikasamma, kuma tun ina ƙarama na saba ganin ruwa ya hau gona ya sauka. Abin da ban saba gani ba shi ne Baba ya ƙi zuwa ya duba. A da, ko ruwa ya kai wuya, sai ya ɗauki gorarsa ta tuƙi ya shiga jirgi, ya je ya tsaya a kan gonar ya yi mata faɗa kamar tana jinsa, ya dawo ya ci tuwo malmala biyu. A wannan karon shinkafar ta yi ciki, saura ƙiris ta fid da kai, ruwa ya zo cikin kwana biyu ya shafe ta. Da aka zo aka gaya masa sai ya tashi. Ya shimfiɗa buzunsa a zaure, ya ba ƙofa baya.

Ni malamar firamare ce a Haɗeja, sai ranar Juma'a nake samun zuwa gida. Juma'a uku a jere ina tarar da shi a wuri ɗaya, kwanon abinci a gefensa a rufe yadda aka kawo shi. Masallaci kawai yake fita, shi ma kansa a sunkuye, ba ya yarda idonsa ya faɗa wajen fadama. Na ja shi asibiti da ƙyar, aka auna jini aka auna komai, aka ce lafiyarsa lau. A hanyar dawowa ya ce da ni, "Uwata, ki daina wahalar da kanki. Na gama noma, shi ke nan." Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Wallahi wannan magana ta tsorata ni. Mutumin da ko ranar Sallah sai ya leƙa gona kafin ya tafi idi! Na san idan bai tashi daga buzun nan da ƙafarsa ba, daga kansa za mu ɗauke shi.

Sai na kira autanmu a waya. Shekarunsa da yawa a Legas, a bakin teku yake aiki, wai yana koya wa mutane hawa ruwa a kan allo. Ni dai ban taɓa gane wane irin aiki ne wannan ba, Baba kuwa ko tambaya ba ya yi. Na ce masa, "Ka ajiye duk abin da kake yi ka zo ka ga ubanka."

Ya zo, Allah ya shi masa albarka, ni ma na nemi hutun mako guda a makaranta. Amma ku zo ku ga abin da ya sauko da shi daga mota! Wata doguwar jaka baƙa, mutum biyu suka kama, har wata tsohuwa a tasha ta fara salati tana zaton gawa ce. Na dube shi na dubi jakar.

"Auta, mene ne wannan?"

"Kayan aikina ne, Yaya."

"Na ce ka zo ka duba ubanka, ka zo mini da kayan wasa?"

"Ke kika ce ruwa ya cika fadama har ba a ganin ƙarshensa. Tun ina Legas nake mafarkin in hau ruwan garinmu."

Na ji kamar in kwaɗa masa mari, gemunsa kawai na duba na fasa. Ya shiga zaure ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya amsa a hankali, ya sa masa albarka, ya mayar da fuskarsa bango. Auta ya fito idonsa ya yi ja. Kwana biyu yana zaune kusa da shi yana kawo hira, hirar tana mutuwa a tsakaninsu. A rana ta uku ya gaji, ya zuge jakarsa a tsakar gida.

Na tsaya a kansa ina harararsa, amma gaskiya ina son in gani. Akwai allon, gajere mai kauri, mara nauyi, da hannu ɗaya na ɗaga shi. Akwai sanduna biyu masu faɗi kamar takobi, doguwa da gajera, waɗanda ake ɗaurawa a ƙarƙashin allon su nutse cikin ruwa. Sai kuma fukafukai uku baƙaƙe masu sheƙi, ƙarami da matsakaici da wani babba da ya kusa kai tsawon hannuwana biyu a buɗe. Ya ce ana ɗaura fiffike ɗaya a ƙarshen sandar, can ƙasa cikin ruwa. Idan allon ya samu gudu, fiffiken sai ya ɗago shi da mutumin da ke kansa, su rabu da ruwa, sandar kaɗai ke yanka shi. Foyil suke kiransa a can.

"Ƙarya kake," na ce.

"Za ki gani."

"Da wace taguwar ruwan? Ku a teku raƙuman ruwa gare ku. Namu nan ko ɗan akuya bai kai ba."

A nan ne na taɓo inda ke damunsa. Ruwan fadamarmu shimfiɗaɗɗe ne, ba ya tashi. Sai da la'asar idan iska ta kaɗa za ka ga 'yan taguwoyi suna bin juna, tsayinsu bai wuce taki ɗaya ba, ba su da ƙarfin ture ko ƙwarya. Sai kuma wadda jirgi mai inji yake bari a bayansa. Maƙwabcinmu yana da irin wannan jirgi, da shi yake ƙetarar da 'yan kasuwa, kuma Auta ya riga ya shawo kansa zai ja shi da igiya har ya tashi, sannan ya saki ya bi taguwar jirgin. Abin da ya rage shi ne wane fiffike, wace sanda.

Ni da ban san komai ba, ni ce na fi kowa baki. Na ce ai abin a fili yake, ƙaramin ruwa ƙaramin fiffike, wa zai ɗora babbar tukunya a kan 'yar wuta? Ya ce ba haka abin yake ba, babban shi ne na ruwa mai rauni. Amma sai na ga yana ta shafa ƙaramin. Ashe a wurinsu babban fiffike na 'yan koyo ne, ƙaramin kuwa na gwanaye, shi ke gudu, shi ke juyawa kamar kifi. Yaron nan ya yi shekaru ana cewa a gari wasa yake yi a Legas, yanzu ga dama ta samu ya nuna, ina zai yarda ya fito da kayan 'yan koyo? Ya ɗauki ƙaramin, ni kuma na ce yauwa, ka ji magana. Sanda kuwa ya zaɓi doguwar, don ita ke ɗaga mutum sama sosai kowa ya gani. Ya ce ya san wurin da ruwa ya fi zurfi, gonar Baba ce ta kwari, a cikinta ya yi rarrafe. Da safe ya je da gora ya auna wuri uku, ko'ina ruwa ya shanye mutum.

Da la'asar rabin gari yana bakin ruwa. Ni ina cikin jirgin, don na ce ko nutsewa zai yi a gabana zai yi. Auta ya sa rigar ruwa, ya kwanta a kan allon, mai jirgi ya tayar da inji. Da igiya ta ja shi ya miƙe tsaye, hakan ma ya burge ni. Amma tashi fa? Babu. Allon yana ta huɗar ruwa kamar garma, Auta yana ta dannawa da ƙafa yana cije leɓe, abu ya ƙi. Injin maƙwabcinmu tsoho ne, buhunan albasa ya saba ja, ba tsere ba. Muka kai muka komo sau huɗu. Daga bakin ruwa na fara jiyo dariya, wani ma ya ɗaga murya ya ce a ba shi jaki ya fi sauri.

"Ƙara wuta!" in ji Auta.

Mai jirgi ya murɗe injin har ƙarshe, hayaƙi ya turnuƙe mu. Sai ga allon ya ɗan ɗago, kamar taki ɗaya, na buɗe baki zan yi kabbara. Ban kai ga yi ba na ji wani ƙum daga ƙarƙashin ruwa. Allon ya tsaya cik, Auta kuwa ya wuce, ya yi sama ya faɗo da ka. Da muka tsamo shi goshinsa ya fashe, jini yana bin ruwa a fuskarsa. Ba wanda ya ƙara dariya, kuma shirun ya fi dariyar ciwo.

A zaure na wanke masa ciwon, don nan ne ke da haske, Baba yana kwance a gefe ya ba mu baya. Ina dannawa da auduga ina zazzaga masa masifa. Na manta sarai cewa ni na zuga shi ya ɗauki ƙaramin.

"Da ka karye wuya fa? In ji da wanne? Ka ce ka auna!"

"Na auna, Yaya. Wuri uku. Ban san abin da na daka ba, ba itace a wurin."

Sai muka ji murya daga bango.

"A ina?"

Muka dubi juna. Auta ya ce, "Na'am, Baba?"

"A ina ka faɗi?"

"A gonar kwari. Idan mutum ya sa giginyar nan biyu a damansa, yana fuskantar tsamiya."

Baba ya juyo. Rabon da in ga ya juyo don wata magana har na manta. Ya ce, "Jingata ce."

Auta bai gane ba, ni kuwa na gane, kunya ta kama ni. Bayan tafiyarsa Legas, Baba ya yi rani uku yana tara ƙasa a tsakiyar gonar, ya gina jinga doguwa da ta raba ta biyu don ta riƙe wa shinkafa ruwa. Da kansa ya yi ta, da kwando da fartanya. Tsayinta ya kai ƙirjin mutum. Kowa a gari ya san da ita, har mai jirgi, sai dai jirginsa a saman ruwa yake tafiya, bai taɓa tunanin wani abu zai leƙa ƙasa ya same ta ba. Auta kuwa gonar yarintarsa ya auna, wadda take shimfiɗe kamar tabarma.

"Ban san kun yi jinga ba, Baba," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Ina za ka sani." Ba da faɗa ya faɗa ba. Sannan ya ce, "Tana nan ke nan. Na zaci ruwa ya tafi da ita." Ya tashi zaune. "Kawo mini abin da ya dake ta."

Auta ya fita da gudu har yana tuntuɓe, ya kwaso komai ya zube a gaban buzu. Baba ya ɗauki doguwar sandar ya gwada ta da hannunsa daga gwiwar hannu zuwa yatsa, kamu biyu. Ya gwada gajerar, kamu ɗaya da taki. Ya ajiye doguwar can gefe kamar ta yi masa laifi.

"Wannan ta teku ce. A nan ruwa kullum sauka yake, abin da ka auna yau gobe ya ragu da yatsa biyu. Kuma ƙarƙashinsa ba fili ba ne, gonakin mutane ne, kowa da kunyarsa da jingarsa."

"Gajerar tana da wuyar riƙewa, Baba. Idan na ɗago da yawa fiffiken zai fito waje in faɗi."

"To kada ka ɗago da yawa. Wa kake so ya gan ka?"

Na ƙunshe dariya. Sannan Baba ya ɗauki fukafukan ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a kan babban, yana bin gabansa mai kauri da babban yatsa, yana juya shi yana duban yadda bayansa ya lanƙwasa. Ya tambaya da wanne aka shiga ruwa ɗazu. Auta ya nuna ƙaramin, bai ɗago kai ba.

"Wa ya ce ka ɗauki wannan?"

Auta, ɗan albarka, bai tona ni ba. Ni na tona kaina, na ce ai na ga ruwan ƙarami ne.

"Uwata, ke da aka haifa a bakin ruwa? Idan za ki tuƙa jirgi a ruwan da yake kwance, ba ya taimakonki da komai, siririn filafili za ki ɗauka ko mai faɗi?"

"Mai faɗi."

"To. Ruwan ba shi da ƙarfi, sai ki tara ɗan abin da yake da shi da faɗi." Ya miƙa wa Auta babban. "Wannan a hankali zai tashi, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Baba. Ko gudun keke ya ishe shi. Sai dai ba ya sauri."

"Ina za ka?"

Auta ya yi dariya har ciwon goshinsa ya sake tsatsowa. Daga nan Baba ya shiga kwatanta masa hanya. Akwai tsohuwar hanyar ruwa da ta ratsa gefen gonar, nan ya fi ko'ina zurfi, tsayin mutum da rabi. Ka bar giginya a hagu, in ka zo daidai da gonar liman ka karkata, don shi ma ya yi kunyoyi masu tsayi bana, ka kiyayi wajen ciyawar kacalla, saiwarta za ta naɗe abin. Yana zanawa a ƙasa da yatsa. Auta yana ta cewa bai gane ba, wace giginyar, ta farko ko ta biyu, gonar liman ta da ko ta yanzu. Har yau ban sani ba ko da gaske bai gane ba ko makirci ne, na tambaye shi ya ƙi faɗa. Baba ya sake zanawa, ya sake, har ya fusata ya share zanen da tafin hannu.

"Ku yaran yanzu ba ku san komai ba," ya ce, ya koma ya kwanta.

Na ce shi ke nan, mun ɓata. Amma ranar ya ci rabin tuwonsa. Washegari bayan azahar ina shara na ji ya ce, "Uwata, ina hulata?"

Ba mu gaya wa kowa ba, don haka bakin ruwa ba mutane sai masu wanki. Baba ya zauna a gaban jirgi da gorarsa a kan cinya, ni a tsakiya, mai jirgi a baya wajen inji, Auta yana biye a kan allonsa da babban fiffike da gajerar sanda. Muka ratsa ta cikin kacalla muka fita fili. Ruwa iya ganinka, sama ta kwanta a cikinsa, itatuwa tsaye a ciki har ƙugu. Da muka doshi gonar sai na ga bayan Baba ya sandare. Nan da can kan shinkafar da ta ruɓe yana leƙowa, baƙi, yana lilo. Ya zuba mata ido. Mai jirgi ya rage wuta ba tare da an ce masa ba. Muka yi ta tafiya a hankali a kan noman shekara guda. Zuciyata ta ce, kin kawo tsoho ya ga kabarin wahalarsa, in ya koma ya kwanta yanzu ba mai sake tayar da shi. Na yi nadama ƙwarai a wannan lokacin.

Sai ya tsoma gorar a ruwa. Ta shige, ta shige, har hannunsa ya jiƙe. Ya zaro ta ya sake tsomawa gaba kaɗan.

"Nan ne," ya ce. "Miƙe sosai, ka sa tsamiya a hancin jirgi. Kada ka ƙara wuta, haka ya isa."

Na juya baya. Auta ya miƙe a kan allon, igiya a hannu. Gudun bai kai na jiya ba ko kusa, injin ma ba ya kuka. Na ga ya ɗan matsa ƙafarsa ta baya, ya sassauta gwiwa. Sai ƙarar da allon ke yi a kan ruwa, wannan fat fat fat ɗin, ta ɗauke ɗif.

Ya tashi.

Ikon Allah! Ban san yadda zan gaya wa wanda bai gani ba. Allon ya rabu da ruwa, na ga haske a tsakaninsu, na ga ɗigon ruwa yana zuba daga cikinsa. Ƙanena yana tsaye a kan iska, kamu ɗaya sama da fadama, ba abin da ke riƙe da shi sai siririn baƙin abu da ke tsaga ruwa ba ƙara ba kumfa. Jikinsa ko girgiza ba ya yi. 'Yan taguwoyin la'asar suna wucewa ta ƙarƙashinsa ba su taɓa shi. Mai jirgi ya saki baki yana ta subhanallahi, har jirgin ya fara karkata.

"Dubi gabanka!" Baba ya daka masa tsawa. "Dama! Gonar liman ce nan!"

Sannan Auta ya saki igiyar. Na yi ƙara, na zaci faɗuwa zai yi. Igiyar ta faɗa ruwa, shi kuwa yana nan yana biye da mu. Ya zame gefe ya hau kan 'yar taguwar da jirginmu ke bari, abar da ban taɓa ɗauka a bakin komai ba, wadda ko agwagwa ba ta kulawa da ita. Ita ce take ɗauke da ƙato mai gemu. Shekara arba'in da wani abu ina kallon ruwan nan, ina wanki a cikinsa, ina tsine masa idan ya ci gona, ban taɓa sanin akwai wani ƙarfi a ɓoye cikin ɗan motsinsa da zai ɗaga mutum ba. Yana nan tun fil azal, ba wanda ya zo da abin da zai tare shi sai yau. Na ji hawaye, na ji kuma ina son in yi dariya, na rasa wanne zan yi sai na kama salati.

Baba ya miƙe tsaye a cikin jirgi, tsohon da jiya yake kwance a buzu. Ya ɗaga gora yana nuna hanya, yana ihu kamar mai korar shanu.

"Hagu! Hagu na ce! Bi hanyar ruwan! Yauwa! Sauka kaɗan, ka yi sama da yawa! Ɗan banza, ka ga ya ji!"

Auta ya bar taguwar jirgin ma gaba ɗaya. Ya riƙa danna allon da ƙafafu a hankali, sama da ƙasa, babban fiffiken yana ɗaukarsa daga wannan 'yar taguwa zuwa waccan, ya yi nisa har ya zama ɗan tsito a kan ruwa. Wasu balbelu da ke kan kacalla suka tashi, ya bi ta ƙarƙashinsu. Masu wanki a bakin ruwa sun saki kaya sun miƙe. Ya yi babbar da'ira ya juyo wajenmu, yanzu ina ganin haƙoransa. Daidai ƙarshen gonar, inda ƙasa ta fara tudu, Baba ya ɗaga hannu zai yi magana, amma ya makara. Fiffiken ya shafi ƙasa. Wannan karon ba duka ba ne, a hankali abin ya lafa, allon ya sauko ya zauna a kan ruwa, Auta ya zame ya faɗa yana ƙyalƙyala dariya. Ruwan iya cinyarsa.

Muka matsa muka ɗauke shi. Ya kifa allon a cikin jirgi, fiffiken yana sama, yana haki yana cewa, "Kun gani, Baba? Kun gani?" Idon Baba kuwa yana kan bakin fiffiken, inda ya kwaso wata laka baƙa mai kauri. Ya sa yatsa ya lakato ta. Ya murza a tsakanin yatsunsa, ya kai hanci ya shinshina, ya ɗan taɓa a harshe.

"Wannan ba ƙasar gonata ba ce," ya ce. "Tawa ja ce a nan wajen, da yashi. Wannan ruwa ne ya kawo ta."

Ya ɗauki gora ya caka a ƙasa, a hankali, yana saurare da hannunsa. Ta nutse cikin laushi kafin ta tarar da tauri. Ya zaro ya duba inda lakar ta tsaya, ya gwada da yatsu, huɗu har da ɗoriya. Ya sa mai jirgi ya matsa gaba, ya sake cakawa. Ya sa ya koma wajen jinga, ya caka a wannan gefe da wancan. Ya manta da mu sarai. Mun fi rabin sa'a muna zagaya gonar, rana tana yin ƙasa, Auta yana rawar sanyi.

Can ya zauna, ya ɗora gorar a cinya, ya wanke yatsunsa a ruwa.

"Nan da kwana arba'in tudun nan zai fito," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba. "Laka irin wannan ba ta son taki. Wake za mu fara sawa a sama, tun da danshi. Kwarin kuma in ya tsane, alkama. Uwata, akwai irin wake a tulu a ƙarƙashin gadona, na toshe bakinsa da toka. Kada wanda ya taɓa mini shi."

Na juya fuskata wajen ruwa na ja mayafi na rufe, kafaɗuna suna rawa. Mai jirgi ya sunkuya yana taɓa injinsa kamar wani abu ya lalace.

"Ke kuma zauna sosai," in ji Baba. "Za ki kifar da mu, ga aiki a gabana."